Maraɗi A Bayan Babur

Da yawa daga cikinku sun aiko suna tambayar abin da ya sa aka ji ni shiru kwana biyu, har wata ƙanwata daga Talatar Mafara ta ce ko dai daɗin amarci ne ya sa na ajiye biro. To ba haka ba ne ƙanwata. Tafiya na yi, tafiyar da na shafe wata tara ina shirinta, alhali ita kanta kwana tara ce kacal, shida daga ciki ma a kan hanya suka ƙare.

Bari in faro muku daga tushe. A ɗakin Innarmu a Anka akwai wata tsohuwar kwalla da take ajiye abubuwan da ba ta yarda mu taɓa, a cikinta kuma akwai wani hoto da gefensa ya fara cinyewa. Babanmu ne a tsaye, Allah ya jiƙansa, ya dafa kan baburinsa Suzuki, Inna kuma tana gefe tana amarya, ta sha atamfa da ɗaurin kallabi irin na lokacin, ta sunkuyar da kai don kunya. A bayansu an rataya labule mai zanen jirgin sama. Idan kika juya hoton za ki ga tambarin mai hoto da Faransanci, kalma ɗaya kawai nake iya karantawa a ciki tun ina firamare, ita ce Maraɗi.

Gwaggonmu, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, can take aure, wani ɗan kasuwa Bamaraɗe ya ɗauke ta tun kafin a haifi Yayanmu babba. Da Baba ya yi aure sai ya ɗora amaryarsa a bayan babur ya kai ta ta gaida yayarsa. Wannan tun kafin a yanke jihar Zamfara daga Sakkwato ne a 1996. Labarin tafiyar nan na ji shi ya fi sau ɗari, domin duk sanda Inna take cikin nishaɗi sai ta ɗauko shi. "Asuba munka yi nan Anka," in ji ta, "munka karya kumallo Gusau, munka wuce Ƙauran Namoda, munka yi azahar Zurmi ƙarƙashin wata tsamiya. Jibiya ko tsayawa ba mu yi ba sosai, la'asar sakaliya muna ƙofar gidan Gwaggonku." In na tambaye ta ba su ji tsoro ba, sai ta yi dariya ta ce tsoron faci kawai suka ji, shi ma bai same su ba.

To ni fa tun daga nan na ƙulla a raina cewa duk wanda zai aure ni sai ya kai ni Maraɗi a bayan babur. 'Yan ajinmu a sakandare suna burin Makka da Dubai, wasu Legas, ni kuwa Maraɗi. Har dariya suke yi min.

Shi Maigidan (ku yi haƙuri, ba za ku ji sunansa a bakina ba) mutumin Bukkuyum ne, amma a Gummi yake da shagon kayan gyaran babur. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu da wata sabuwar Boxer ya zo, ko ledar kujerarta bai cire ba. Da muka saba na ba shi labarin hoton, sai ya ce, "In dai Maraɗi ce, ko babu babur a bayana zan goya ki." Na rufe fuska da gyale ina dariya, amma maganar na riƙe ta da kyau. Ke 'yar uwa, duk alkawarin da saurayi ya yi miki a zaure ki ajiye shi wuri mai kyau, akwai ranar da za ki ɗauko.

An sa bikinmu ƙarshen shekarar 2023. Ana cikin shirye-shirye, ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Muhammad Bazum a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba musu takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka. Samari masu ƙarfi suna bin ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, amma Gwaggo tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, idonta ma ya yi rauni. Ranar da za a kai ni ɗaki ta kira a waya tana kuka, tana cewa, "Ɗiyar ƙanena za a kai gidan miji, ba ni na riƙa hannunta ba. Wagga Sediyawo ta cuce ni." Haka su can suke kiran ECOWAS. Kun san matsayin gwaggo a biki, balle ga wadda ubanta ya rasu, kuma duk cikin ɗakinsu Baba ita kaɗai ta rage. Kukan da na yi a daren nan mutane sun ɗauka na rabuwa da gida ne, nan kuwa rabinsa na Gwaggo ne.

Ranar 13 ga Maris 2024, ana cikin azumi, muka ji a rediyo Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Nijar, bayan 'yan kwanaki su ma suka buɗe tasu. Bayan an sha ruwa na ajiye masa kunu na zauna na zuba masa ido ban ce komai ba. Ya gane. Ya yage takarda ɗaya daga littafin da nake rubuta sabon labarina, ya karɓi birona, ya fara zana hanya.

A nan ne murnata ta fara komawa ciki.

Ya zana garuruwanmu uku a jere yadda suke bin gulbin Zamfara, Gummi, Bukkuyum, Anka. Daga Anka ya ja layi zuwa mararrabar Mayanci, ya bi ta Maru da Bunguɗu zuwa Gusau, ya haura Ƙaura da Zurmi da Jibiya. Na ce, "Yawwa, ita ce hanyar su Inna." Ya ɗago ya dube ni, sannan ya soke ta da biro tun daga Zurmi har Jibiya, ya sake dawowa ya soke tsakanin Gummi da Anka ma. Ya zana ta biyu, wadda take bi ta Shinkafi da Isa da Sabon Birni, ita wannan bai ma gama zana ta ba ya soke, domin yankin wani ne da ko sunansa ba na son in sa a takardata. Sai ta uku, wadda ta juya wa Maraɗi baya gaba ɗaya: daga Gummi a nufi Sakkwato, a yi arewa zuwa Illela, a tsallaka Birnin Ƙonni, sannan a juyo gabas a yi ta tafiya cikin ƙasar Nijar kusan kilomita 240. Na ce wannan ai kamar mutum ne zai kama kunnensa na hagu ya zagayo da hannun dama ta ƙeya. Ya ce, "Gara zagaye da a tara miki kuɗin fansa."

Wadda ba 'yar yankinmu ba ce ba za ta gane abin da babur ya zama a wurinmu ba. A zamanin su Inna babur abin ado ne, wanda ya saya har unguwa ake zuwa yi masa barka, yara su yi ta shafa madubi. A littattafan da muka taso muna karantawa ma ƙarar Vespa a ƙofar gida ita ce take sa gaban budurwa ya faɗi don murna. Mu kuwa yanzu in muka ji ƙarar babura da yawa a tare, musamman da dare, uwa ɗanta take fara lalube. A farkon Janairun 2022 a kan babura suka zo suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen ƙauyukan suka ce sun kai 200. Kafin nan, a Satumbar 2021, an datse layukan waya a jihar baki ɗaya, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana hawa babur da dare. A Oktobar 2022 kuma aka rufe ƙananan hukumomin nan namu uku, Anka da Bukkuyum da Gummi, aka hana zirga-zirga. Duk wannan ya sa namiji a kan babur da kaya a ɗaure a baya abin tuhuma ne a kowane shinge, a daji kuwa abin farauta ne, domin su mutanen dajin babur ɗin ma suna so.

Duk da haka ban haƙura ba. Na ce to mu bi ta Sakkwato, amma a kan babur tun daga ƙofar gida.

Saura neman izini. Inna na kira a waya, don zuwa Anka kansa sai an yi shawara. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can ta ce, "Ni na ja miki da bakina. Ku tambayi uwarshi, abin da ta ce shi ne."

Surukata Hajiya tana Bukkuyum, mace ce mai kasuwanci, ta san mota da direbobi kamar tafin hannunta. Muka shiga motar haya da hantsi, lokacin da hanya take da mutane, muka je. Na durƙusa na gaishe ta na koma gefe, shi ya yi bayani. Ta saurara har ya gama tana jan carbi, sannan ta ce, "Zumunci ba a hana shi, kuma tsohuwar nan tana da hakki bisa yarinyar ga. Amma babur, ku biyu, cikin dajin Gummi? Kai ba ka da hankali, ita ma ka ɗauke mata nata?" Ya fara cewa alkawari ya yi, ta ɗaga masa hannu. "Alkawarin ka kai ta bisa babur ne, ko alkawarin ka fito da ita daga Gummi bisa babur? Ka aza shi mota. Motocin kaya na zuwa Sakkwato kullum, ku kuma ku shiga ta mutane. In kun isa can ku hau abinku."

Wallahi 'yan uwa haushi ya kama ni. Na ce a raina wane irin abin kunya ne wannan, doki a kan jaki? Da muka koma gida kwana biyu ina kumbure-kumbure, abinci ma sai dai in ajiye masa in shige ɗaki. A kwana na uku ya dawo daga shago jikinsa a sanyaye. Wani dattijo ne ya zo wurinsa yana tambayar inda zai sami sabon babur da sauƙi. An tare ɗansa a hanya, sun sayar da shanun noma sun kai kuɗi, mutanen suka karɓa suka ce saura babur sabo a kwali, sannan su sake shi. Maigidan ya ce dattijon yana magana hannunsa yana rawa, wai shi da bai taɓa mallakar keke ba. Ban sake ɗaga maganar fitowa daga Gummi a kan babur ba. Washegari na dafa wa Hajiya dambun nama na aika mata.

Daga nan muka shiga shiri na gaske, kuma zan ɗan tsaya a nan saboda wadda take da irin wannan niyya.

Na farko lokaci. Ni da an bi tawa da bayan ƙaramar sallah mun tafi, amma wa zai zauna a kan babur cikin zafin Afrilu a ƙasar Nijar? Damina kuma hanyoyinmu sun lalace, ga ciyawa da dawa sun rufe daji, ba ka ganin abin da ke gabanka. Muka tsayar da farkon Disamba, bayan an yi girbi. Wani abin da ya ƙara sa mu gaggawa shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun fita daga ECOWAS, kuma ficewar za ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Jita-jita ta cika gari cewa daga ranar sai da biza. Da ranar ta zo ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun juna tukuna, amma mu a lokacin wa ya sani?

Na biyu takardu. Su Inna da katin haraji kawai Baba ya tafi, in ji ta. Mu kuwa sai da muka yi takardar tafiya ta ECOWAS a ofishin shige da fice, muka yi katin allurar shawara, shi kuma ya haɗa rasiɗin babur da lasisi da inshora, ya yi musu hoto kala biyu ya sa a leda. Abin dariya abin tausayi, babban birnin jiharmu Gusau ne, amma a Sakkwato muka yi duk wannan, domin hanyar jihar maƙwabta ta fi mana kwanciyar hankali a kan hanyar tamu.

Na uku kuɗi, shi ne ya fi ba ni wuya. Inna ta ce a lokacinsu naira ce sarauniya, ka canza kaɗan a cika maka hannu da sefa. A 2024 jika ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000. Fetur kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 yake ta hawa, lokacin da za mu tafi lita ta wuce naira 1,000. Na shiga adashe hannu biyu, na haɗa da ɗan abin da na samu a littafina na baya, shi kuma ya canza wa Boxer taya da sarƙa da birki, ya ɗauki tayar ciki biyu da famfo da fulogi. Tsaraba ban yi da yawa ba saboda wuri: shinkafar Gummi mudu huɗu, man shanu, da turaren wuta da Inna ta aiko a kai wa Gwaggo.

Na huɗu kuma namu ne mata. Kada ki kuskura ki hau babur tafiya mai nisa da dogon hijabi yana lilo, domin in ya shiga taya ba a cewa komai. Ni dogon wando na sa a ƙarƙashin zane, na tattare hijabin na zauna a kansa, na sa safa da rufaffen takalmi, na shafe fuska da ƙafa da man kaɗanya saboda hunturu. Hular kwano ma sai da ya saya min. Na ce ba zan sa ba, na yi kama da ɗan sama jannati. Ya ce to a fasa. Na sa.

Ranar tafiya ina tsaye ina kallo aka ɗaga Boxer aka ɗora a bayan motar kaya tsakanin buhunan shinkafa, aka ɗaure ta da igiya kamar ragon layya. Mu muka shiga motar haya. Har muka fita daga dajin babu mai magana a motar, wata tsohuwa kusa da ni tana ta salati a hankali, direba kuma duk motar da ta taho daga gaba sai ya dubi hannun direbanta ko zai yi masa alama. Sai da muka hau babban titi sannan wani ya buɗe baki ya fara gardamar farashin taki. Muka kwana Sakkwato gidan abokinsa.

Da safe na hau. Kai jama'a! Na ce bismillah na riƙe ƙarfen baya, ya ce in riƙe shi dai, nan babu wanda ya san mu. Muka bi ta Kware da Gwadabawa, iska mai sanyi tana dukan fuskata, hazo ya rufe gonaki, raƙuma ɗauke da kaya suna tafe a gefen titi. Shingaye kam mun gan su, a wani wurin a duba takardu a ce Allah ya kiyaye, a wani wurin kuma takardun ba su ne damuwar mai kakin ba, sai an ba shi na shayi. Kafin azahar muna Illela.

Iyakar da na yi shekaru ina zana ta a raina da katanga da ƙatuwar ƙofa, ashe sanda ce a gicciye da 'yan ofisoshi. Aka buga mana hatimi a wannan gefe, a wancan gefen jandarma ya duba mu, duwan suka rubuta wa babur takardar shiga da suke kira lesefase. Jandarman ya dubi katina ya ce, "Madam, Zamfara? Sannunku da haƙuri." Da Hausa ya faɗa, Hausa irin tamu ta munka da sunka, har na ji hawaye ya taho min.

A Ƙonni na yi abin kunyata na farko. Na tsaya sayen burodi, irin dogon nan nasu mai ɓawo, da ƙosai, yarinyar ta ce ƙosan na ashirin ne. Na zazzage tsabar da muka canza ina neman mai lamba 20, babu. Maigidan yana gefe yana dariya har da riƙe ciki. Ashe su da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, ashirin ɗinta tana nufin sefa 100, jika kuma dala 200. Titin kwalta su gudro suke cewa, fetur esansi, makaranta lakwal, babur kuma moto. Ban da wannan, in kin rufe ido kin saurari kasuwar Ƙonni sai ki rantse a Gummi kike.

Kwana na uku shi ne doguwar tafiya. Masaukinmu ya ja mana kunne cewa kada mu sauka daga gudro, kuma kada yamma ta yi mana a wajen Gidan Rumji, don masifar dajinmu tana tsallakawa can ma. Muka fita da sassafe. Muka wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, muka hango masana'antar siminti ta Malbaza, muka isa Galmi. Duk wadda ta taɓa shiga kicin ta san jar albasar Galmi, to ga ta nan a gefen titi buhu kan buhu, warinta ya bi mu har wajen gari. A Madawa muka tsaya na sauka da ƙyar, ƙafafuna kamar ba nawa ba, bayana kamar an yi min duka da taɓarya. A nan na fara zargin Inna ta ɓoye min wani ɓangare na labarinta. Ya saya min shayi da madara, ya ce in na gaji mu sa babur a mota. Na harare shi na koma na hau.

Bayan mun wuce Tibiri sai motoci da amalanke da babura suka fara yawa, gidaje suka haɗe, ga manyan shaguna ga tireloli. Ya juyo da kai ya ce, "To amarya, ga Maraɗinki." Ana kiran la'asar. Abin da su Inna suka yi a yini ɗaya mu kwana uku ya ci mana, amma lokacin isa dai ɗaya ne.

Gidan Gwaggo yana unguwar da ake kira Zariya, ku ji fa, Zariya a cikin Maraɗi. Tana zaune a kan tabarma an miƙe mata ƙafa. Na yi sallama na durƙusa, ta ce in matso. Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, ta bi goshina da yatsa, ta ce, "Goshin ƙanena ne." Daga nan ba wanda ya iya magana. A daren ta sa aka kwaɓa lalle, ta ce bikin da aka yi babu ita ba ta san da shi ba. Da hannunta ta ɗaura min, ta zaunar da ni ta yi min faɗan da ake yi wa amarya tun daga farko, ni da na shekara a ɗaki. Ta kira Maigidan shi ma ta yi masa nasa, yana durƙushe yana cewa "To Gwaggo, in sha Allahu Gwaggo."

Jikanta da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo shi ya zagaya da mu gari. Ya kai mu ƙofar fada, ya ce har yau sarkin nan Sarkin Katsina ake ce masa, domin sarakunan Katsina ne da jihadi ya kora wajen 1807 suka yo nan, Ɗan Kasawa ya kafa musu mazauni. Tibirin da muka wuce kuma Gobirawa ne suka kafa ta bayan an ci su da yaƙi. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro tudu, sannan cinikin gyaɗa da fatauci da Kano da Katsina suka mai da shi garin alhazai. Na ce masa to ai mu ma haka ne, sarakunan Zamfara sai da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara suka yi ta yawo kafin su zauna Anka. Ya ce ashe duk 'yan gudun hijira ne, muka yi dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. A bakin babbar kasuwa wata mata mai goyo tana sayar da dafaffiyar gyaɗa ta ji maganata ta kama min hijabi. Daga wani ƙauye take a wajen Shinkafi. Tun 2019 dubban mutanenmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suke tsallakowa jihar Maraɗi, na sha ji a rediyo, amma ban taɓa tsayawa gaba da gaba da ɗaya daga cikinsu ba. Ba ta roƙe ni komai ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, can gida an yi girbi bana?" Na ce an yi a wasu wuraren. Ta gyaɗa kai, ta ƙara min gyaɗa a kan wadda na saya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a garin kuwa 'yan mata ne a kan moto. Ba a baya ba, su ne a gaba! Da hijabinsu da jakar lakwal, su taka su wuce, ko kallonsu ba a yi. Ni da aka haifa a jihar da tun 2000 ake ta kai ruwa rana a kan ko ya halatta ɗan kabu-kabu ya ɗauki mace, sai na saki baki. Jikar Gwaggo, yarinyar da na girme ta da shekara bakwai, ita ta goya ni zuwa sayen kilishi da atamfa. Da muka dawo na ce sai ta koya min. A tsakar gida na murza hannun da ƙarfi, moton ta yi tsalle, sai ga ni a garken jajayen awakin nan na Maraɗi, akuya ɗaya tana kallona ina kallonta. Gwaggo tana tambaya mi ya faru, yara suna dariya, Maigidan ya ce alhamdu lillahi da ba Boxer ɗinsa ba ce.

Mun nemi shagon mai hoton da tambarinsa ke bayan hoton Inna. Wani tsohon tela a layin ya ce mai shi ya daɗe da rasuwa, wurin yanzu ana sayar da wayoyi. A ƙofar shagon muka tsaya, shi ya dafa kan babur, ni a gefe, jikan Gwaggo ya ɗauke mu da waya muka kai aka wanke. Na so in sunkuyar da kai irin na Inna, dariya ta hana ni.

Ranar da za mu taho Gwaggo ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce in gaya wa Inna ta yafe mata duk abin da ke tsakaninsu, ita ma ta yafe mata. Muka biyo hanyar da muka zo, Madawa, Ƙonni, Illela, a Sakkwato aka sake ɗaure Boxer a bayan mota.

Sai bayan sati uku na sami zuwa Anka, ranar da motoci suka taru da yawa aka tafi a jere. Na ba Inna saƙon Gwaggo, ta share ido da bakin zane. Sannan na miƙa mata hoton. Ta buɗe kwalla ta ɗauko nata, ta jera su a cinya tana duban wannan tana duban wancan. Can ta ce, "Tsamiyar nan ta Zurmi, tana nan kuwa?"

Na ce, "Inna ba ta nan muka bi ba."

Ta ce, "Af, haka ne fa." Ta haɗa hotunan biyu ta sa a kwalla ta rufe, ta ce in miƙo mata kilishin ta ɗanɗana.